Waƙa Ɗaya Kafin Dare: Yadda Ake Shirya Bitar Marubuta Waƙa

A watan Mayun 2024, a birnin Malmo na ƙasar Suwidin, Suwizalan ta lashe gasar waƙa ta Eurovision da wata waƙa mai suna "The Code". Rabon ƙasar da wannan nasara tun 1988, lokacin da Celine Dion ta ciyo mata ita. Sunan mai rera ta, Nemo, duniya ta riƙe, amma a takarda mutum huɗu ne suka rubuta waƙar: Nemo, da Benjamin Alasu, da Lasse Nymann, da Linda Dale. An aza mata tubali ne a 2023, a wani sansanin rubuta waƙa da ake yi a situdiyon Powerplay da ke garin Maur, kusa da Zurich. Mai ɗaukar nauyin sansanin ita ce SUISA, ƙungiyar da ke karɓar wa marubuta waƙa kuɗin haƙƙinsu a ƙasar. Tun 2017 take tara marubuta da makaɗa da mawaƙa na 'yan kwanaki, ta rarraba su ƙananan rukunai, ta ba kowane rukuni ɗaki da kayan aiki da sharaɗi guda: kafin dare a fito da waƙa.

Wannan ma taron bita ne, sai dai wanda ya saba da irin namu da ƙyar zai gane shi. A nan idan aka ce za a yi wa mawaƙa bita, kowa ya san yadda za ta kaya. A kama ɗakin taro a otal, a rataya ƙyalle mai hoton uban taro, a yi ta jiran babban baƙo har azahar ta kawo jiki. Ya zo ya yi jawabi a kan rawar da waƙa ke takawa wajen gyaran tarbiyya, wani malami ya karanta maƙala, a ci abinci, a raba takardar shaida da kuɗin mota. A watse ba a rubuta ko ɗango ɗaya ba. Ban raina jawabi ba, yana da ranarsa. Amma rubuta waƙa sana'a ce, kuma da yi ake ƙwarewa a kanta. A ganina tun kafin ranar buɗewa ake cin ribar bitar marubuta waƙa ko a yi asararta, kuma a kan abu biyu ne: wa aka haɗa da wa a ɗaki, da wace takarda za su sa wa hannu kafin su fito.

Tara marubuta wuri ɗaya don su yi aiki ba sabon abu ba ne. A ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, a titin Broadway na birnin Niyok, kamfanonin waƙa da ke ginin Brill da maƙwabtansa sun riƙa zuba matasa a 'yan ƙananan ɗakuna, kowane ɗaki da fiyano, suna rubuta wa taurarin lokacin waƙoƙi. A irin wannan ɗaki Carole King da Gerry Goffin suka yi suna, ita da kari, shi da baiti. A Detroit kuma Berry Gordy, wanda ya taɓa aiki a masana'antar motoci ta Ford, ya kafa Motown a 1959, ya shigo da wata al'ada: duk safiyar Juma'a ana zama a saurari waƙoƙin da aka yi a makon, a kaɗa ƙuri'a a kan wadda ta isa fita. Wadda ba ta ci ba, ta koma ɗaki a sake mata aiki, ko da wane ne ya yi ta.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. A shekarun 1970 Kano tana da ƙungiyar Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Alhaji Aƙilu Aliyu, inda masu rubutacciyar waƙa ke kawo abin da suka tsara, a saurara, a yi gyara, wasu har su kai gidan rediyo. Tun kafin su akwai tahamisi, wato wani ya ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu-biyu ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku, ya zama ƙwar biyar, kuma a san wane ne mai asali, wane ne mai ƙari. Makaɗan baka su ma ba su kaɗai suke gina waƙa ba, 'yan amshi suna da hannu a ciki, ko da yake sunan uban kiɗa kaɗai ake ji. Abin da ya sauya a yau shi ne waƙa ta zama dukiya mai kawo kuɗi shekara da shekaru bayan an yi ta, daga YouTube, da Audiomack, da Boomplay, da Spotify wadda ta shigo Nijeriya a 2021.

Tambayar farko ga mai shirya bita ita ce: da me za a fita? Bita iri biyu ce, kuma haɗa su yakan ɓata duka biyun. Akwai ta koyarwa, wadda ake yi wa masu tasowa, a nuna musu aune-aunen baiti da ginin amshi da yadda kasuwar take. Akwai kuma sansanin aiki na ƙwararru, wanda burinsa waƙoƙin da za su fita kasuwa. Wanda ya yi shekara goma sha biyar yana rubuta wa finafinai waƙa ba zai zauna a koya masa mene ne amsa-amo ba, ɗan koyo kuma idan aka jefa shi cikin manya sai ya kame bakinsa har a tashi. In dai ana son su haɗu, a keɓe yini guda na musamman, ko a sa ɗan koyo ɗaya a kowane rukuni da sanin cewa shi ma zai kawo nasa kuma za a rubuta sunansa.

Idan sansanin aiki ne, sai a nemo masu buƙatar waƙar tun da wuri. Furodusan da ke da fim a hannu ya rubuto a taƙaice: ga labarin, ga wurin da waƙar za ta shiga, ga yanayin da ake so mai kallo ya shiga, ga tsawon da ba za ta wuce ba. Mawaƙiyar da ke shirin fitar da kundi ta faɗi iya inda muryarta ke kaiwa, da abin da ba za ta iya furtawa da bakinta ba. Ƙungiyar da ke son waƙar wayar da kai a kan allurar riga-kafi ko karatun 'ya mace ta kawo saƙonta a jimla biyu. Marubucin da aka ce masa "rubuta duk abin da ka ga dama" yakan koma ga abin da ya saba, ya sake yi maka waƙar bara da wasu kalmomi. Ƙunci kaɗan shi ke fito da fasaha.

Sai zaɓen mutane da haɗa su, wanda shi ne aikin da ya fi cin tunani. Miles Copeland, wanda ya yi manajan ƙungiyar mawaƙan nan The Police, ya fara tara marubuta a shekarun 1990 a wani tsohon gidan sarauta mai suna Marouatte a yankin Dordogne na Faransa. Tsarinsa shi ne uku-uku, kuma kullum da safe a sauya, kada wanda ka zauna da shi jiya ya zama abokin aikinka yau. Uku na da hikima. Mutum biyu in suka cije babu mai raba su, biyar kuwa sai biyu su koma 'yan kallo suna latsa waya. A masana'antarmu rukunin da ya dace shi ne mai baiti, da mai kari wanda galibi shi ne zai ɗora murya, da makaɗi a gaban kwamfuta da fiyano. Daga nan lissafin taron yake fitowa: yawan ɗakuna da yawan makaɗan kirki su ke yanke yawan waɗanda za a gayyata. Mai ɗaki biyar ya kira mutum goma sha biyar zuwa ashirin ya tsaya. Wanda ya kira ɗari don hoto ya yi kyau, to gangami ya shirya.

Akwai wata matsala tamu da ba lallai Copeland ya sha fama da ita ba, ita ce ta girma. Yaron da ya tashi yana haddace waƙoƙin wani, yau an zaunar da su ɗaki ɗaya, ta yaya zai buɗe baki ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗangon ya karye"? Ba zai faɗa ba. Zai ce ya yi daɗi, a ɗora, a fita da karyayyen ɗango. Don haka mai shirya taro ya zauna da manyan tun kafin ranar, ya roƙe su su riƙa neman gyara da bakinsu, domin in babba ya ce "ku duba mini nan", ya buɗe wa na ƙasa ƙofa ba tare da kowa ya yi rashin kunya ba. Wanda aka san ba ya ɗaukar gyara ko kaɗan, a karrama shi da zaman hira na awa ɗaya da yamma, ya ba da tarihin yadda ya yi fitattun waƙoƙinsa, amma kada a sa shi a rukuni. Haka kuma mawaƙan da ke da tsohuwar jiƙaƙƙiya, musamman ta siyasa, mai tsara rukunai ya san da ita.

Mata kuwa an daɗe ana kiransu situdiyo don su ɗora murya a kan abin da namiji ya rubuta, har da baitocin da ake cewa zuciyar mace ce ke magana. Alhali tun 1983 aka buga "Alƙalami a Hannun Mata" na Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu. In ana son mata su zo a matsayin marubuta, gayyata kaɗai ba ta isa ba. A tsara aiki ya ƙare kafin magariba ga mai son komawa gida, a tanadi masauki na daban da abin hawa, a yarda mace ta zo da 'yar rakiya, a yi aiki a ɗakunan da ba a kulle ƙofa. Wasiƙar gayyata mai hatimi da cikakken jadawali takan sauƙaƙa wa mace neman izini a gida fiye da kiran waya.

Lokaci da wuri ba sa buƙatar dogon bayani, amma su ke kayar da taro. Kada a sa shi cikin azumi, ko makonnin bukukuwa bayan sallah, ko lokacin yaƙin neman zaɓe da mawaƙa ke kakarsu. Ba wanda zai bar aikin kuɗi ya zo. Kwana uku zuwa biyar sun wadatar. Ɗakunan su yi nesa da juna yadda kiɗan wani ba zai shiga kunnen wani ba, a tabbatar da janareta ko sola da man da zai kai ƙarshe, a gina jadawalin a kan lokutan salla. Idan da hali a fita daga unguwar da situdiyoyi suke, domin a titin Zoo Road na Kano ba za a yi awa ɗaya ba wani bai leƙo gaisuwa ba.

Bitar koyarwa tana buƙatar malamai, kuma jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo cike suke da waɗanda suka ƙare rayuwarsu a nazarin waƙa. Roƙona shi ne a ce musu su bar maƙala a gida. A ba malami waƙoƙi goma na mahalarta mako guda kafin taro, ya zo ya nuna a allo inda gaɓa mai nauyi ta faɗa gurbin marar nauyi, inda aka tilasta wa kalma don a cika amsa-amo, inda kari ya ja kalma sama alhali a magana ƙasa take yi har ma'anarta ta gurɓace. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, kuma yawancin abin da kunne ke ji ya ce "waƙar nan ba ta zauna ba" daga nan yake. A gefen malamin a zaunar da wanda ya san kasuwa. Misali, Spotify ba ta ƙirga an saurari waƙa sai an kai daƙiƙa talatin. Waƙarmu kuwa ta gaji buɗewa da ambaton Allah da salati, wani lokaci a bi da jinjina ga situdiyo da makaɗi da maigida. Yadda za a riƙe mabuɗin da aka gada ba tare da mai sauraro ya tsallake kafin amshi ya iso ba, muhawara ce da ta cancanci zama guda cur. A Kano yana da kyau a gayyato jami'in Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, ya amsa tambayoyi ido da ido, kafin a kashe kuɗi a kan waƙar da za a dakatar.

Kowace rana ta ƙare da zaman sauraro. A kunna abin da kowane rukuni ya yi, ko da gwaji ne da ba a tace ba. A hana "ma sha Allah, ta yi" a matsayin sharhi, a kuma hana cin fuska. Mai magana ya faɗi wurin da waƙar ta kama shi da wurin da hankalinsa ya tafi wani waje, masu waƙar su yi shiru su rubuta, kada su kare kansu. Wayoyi a aljihu: gwajin da ya fita TikTok a daren nan ya tashi daga hannun masu shi.

Yanzu ga batun da aka fi gudu. Kowace waƙa da aka ɗauka tana ɗauke da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin ita kanta waƙar, wato baiti da kari, wanda na marubuta ne. Akwai kuma haƙƙin ɗaukar da aka yi a situdiyo, wanda galibi na wanda ya biya kuɗin aikin ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba na farko kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, na biyu kuma shekara 50. Wato baitin da saurayi ya rubuta yau, jikokinsa na iya cin moriyarsa. Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙi kacokan ba ya tabbata sai a rubuce. Duk da haka yawancin cinikin waƙa a wurinmu da baki ake yi: a ba marubuci abin da aka ba shi, a ce "Allah Ya sa albarka", a rabu. In waƙar ta mutu, shi ke nan. In ta tashi, sai a fara jin "ni na kawo amshin", "ai karin nawa ne", zumuncin shekaru ya lalace.

Maganin abin takarda ce shafi ɗaya. Sunan waƙa, kwanan wata, cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin shaidarsa ba sunan fage kaɗai ba, kason kowa cikin ɗari, sa hannu. A cike ta a ranar, kafin a bar ɗakin, lokacin da ba wanda ya san ko waƙar za ta kawo ko sisi. Iyakar gona tun kafin shuka ake yin ta, ba ranar da hatsi ya nuna ba. Yadda za a raba kuwa, a Nashville, cibiyar marubuta waƙa ta Amurka, al'adar da aka fi bi ita ce duk wanda ke ɗakin a raba daidai da shi, ko da kalma ɗaya ya kawo. Da farko abin kamar zalunci ne ga wanda ya yi rabin aikin. Amma na fi karkata gare shi a sansani, saboda yana hana mutum ɓoye ɗangonsa mai kyau don gudun a ci da guminsa, kuma wanda ya yi kaɗan yau shi zai ɗauki nauyin gobe a wani rukunin. Ko wane tsari aka zaɓa, a rubuta shi a wasiƙar gayyata, wanda bai yarda ba ya zauna a gida. Kada wani ya ɗauka manya sun fi ƙarfin wannan rigima: Brian Holland da Lamont Dozier da Eddie Holland, waɗanda suka rubuta wa ƙungiyar Supremes waƙoƙi goma da suka hau matsayi na ɗaya a Amurka, a kan rabon kuɗi suka bar Motown a ƙarshen shekarun 1960, aka yi shekaru ana shari'a.

Takardar ta kuma fayyace matsayin mai shirya taron da mai ɗaukar nauyinsa. Ciyar da mutane kwana uku ba ya mayar da kai marubuci. In kamfani yana son ya riga kowa zaɓar waƙa, ko yana son kaso a haƙƙin ɗauka tun da shi ya biya situdiyo, wannan ciniki ne halastacce, a faɗe shi a fili. Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne mai ba da kuɗi don a fito da waƙoƙin yabonsa da sunan bita. A kawo lauya mai sanin haƙƙin mallaka ya yi rabin yini yana amsa tambaya da Hausa, a kawo wakilin ƙungiyar karɓar haƙƙi da fom ɗinsa, kamar MCSN a Nijeriya ko BNDA a Nijar, mutane su yi rajista a wurin. A nuna musu cewa waƙa tana da lambar shaida ta duniya da ake kira ISWC, ɗauka kuma tana da ISRC, kuma da irin waɗannan lambobi kuɗi ke gane hanyar gidan mai shi.

Game da kuɗi, kada labarin manya ya karya wa kowa gwiwa. Gidan rediyon NPR na Amurka ya ruwaito a 2011 cewa sansanin da kamfanin Def Jam ya shirya wa Rihanna a Los Angeles don kundinta "Loud" yana cin kimanin dala 25,000 a kullum. A ƙiyasin rahoton, waƙarta "Man Down" ta ci kimanin dala 78,000 wajen yin ta, sannan kimanin dala miliyan ɗaya wajen tallata ta. Adadin ba namu ba ne, amma rabon abin lura ne: yin waƙar shi ne ɓangare mai araha. Mai kasafin da ya ƙarar da komai a kwanakin taron ya bar waƙoƙinsa a cikin kwamfuta. Makaɗa su ne suka fi kowa wahala a sansani, su ke zaune tun safe har a rufe, don haka a biya su kuɗin aiki ban da kasonsu.

Bayan an watse, dole a sami mutum ɗaya da aka ɗora wa riƙon amanar abin da aka yi. Shi zai adana kowace waƙa a wuri biyu tare da hoton takardar rabonta, ya aika wa furodusoshi da mawaƙan da suka kawo buƙata, ya bi su da kira. Wanda ya ce yana son waƙa a ba shi wa'adi a rubuce, wata uku ko shida. In bai fitar ba ta koma hannun marubutanta su kai wa wani. Ba tare da wa'adi ba, babban mawaƙi zai riƙe waƙa biyar ya yi ta cewa "ana kan aiki" har yayinsu ya wuce. Shi kuwa mai riƙon amanar a sa albashinsa da kuɗin katin wayarsa na wata shida a cikin kasafi tun farko, kuma ya kasance ba shi da kaso a ko ɗaya daga cikin waƙoƙin.